Motsi Ya Fi Laɓewa: Tarihin Jikin Yaro a Makarantun Ƙasar Hausa



Gabatarwa

Duk wanda ya yi makarantar firamare a ƙasar nan ya san monita, ya kuma san 'yar takardar nan da yakan riƙe idan malam ya fita. A cikinta ake rubuta sunan wanda ya yi surutu, da wanda ya tashi daga mazauninsa, da wanda ya waiwaya ya dubi na bayansa. Ni kaina sunana ya sha shiga cikin wannan takarda, domin ban iya zama wuri ɗaya ba. In malam ya dawo, hukuncin da ya fi yanke mini shi ne tsallen kwaɗo, daga bakin aji zuwa gindin darbejiya, in komo. Sai da na girma na lura da wani abin mamaki a cikin wannan al'amari, watau an hukunta ni ne saboda na motsa, kuma da motsin aka hukunta ni.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin yadda muka iso wannan matsayi. Abin da nake so in nuna shi ne, zaman shiru a kan benci daga safe har azahar ba shi ne asalin karatu ba, ko a nan ko a Turai. Wata dabara ce da aka ƙago a wani lokaci sananne, domin warware wata matsala sananniya, watau yawan yara da ƙarancin malamai. A tarihin ilmin ƙasar Hausa jikin yaro ya ratsa zamani uku: zamanin da motsi yake cikin karatun kansa, da zamanin da aka ware shi aka ba shi lokaci a gefe, da kuma zamanin da lokacin ma ya suɓuce. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Zamanin allo da dandali

Lokacin da Turawa suka kafa mulkinsu, ƙididdigar da suka yi wajen 1914 ta nuna akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Jihar Arewa, da almajirai fiye da 200,000. Ashe ke nan ba fili fetal boko ya tarar ba. Ya tarar da tsari mai tsufa, wanda yake da nasa hanyoyin koyarwa, kuma ya kamata mu duba matsayin jiki a cikinsa.

Almajiri ba da kunne kaɗai yake karatu ba. Shi ke wanke allonsa, ya shanya shi, ya fiƙe alƙalaminsa na gamba, ya dama tawadarsa. In ya kai munzalin rubuta wa kansa, da hannunsa zai rubuta abin da za a biya masa. In ya zauna karatu yakan ɗora allon a cinya, yana bin baƙaƙe da ɗan yatsa, yana ɗaga murya, jikinsa yana rangaji gaba da baya daidai da tafiyar ƙira'a. Ba wanda ya umurce shi da wannan rangaji, ba kuma wanda ya hana shi, domin malamai sun san shi ke riƙe wa yaro ma'aunin karatun. Haka nan gardi mai tilawa, sau da yawa ba a zaune yake yinta ba, yakan tashi yana kai da kawo, bakinsa na tafiya, ƙafarsa na tafiya.

Ko sunayen da aka laƙaba wa baƙaƙe sun isa shaida. Ana ce wa wani jim saɓe, wani lam jaye, wani ambaki wofi, wani kuma ɗamisa hannu. Duk waɗannan sunaye ne na aikin gaɓoɓi da siffarsu: saɓawa, da jayewa, da buɗe baki, da miƙa hannu. Malamin da ya fara ƙago su ya gane cewa yaro ya fi saurin riƙe abin da ya yi kama da jikinsa.

Bugu da ƙari, ranar almajiri a gutsuttsure take. Akwai karatun asuba, da na yamma, da na dare a bakin wuta. Tsakaninsu akwai ɗebo ruwa, da neman itacen da za a hura wutar, da aikin gonar malam idan damina ta sauka. Daga yammacin Laraba kuma a tashi, sai bayan Jumma'a.

Wannan ba ya rasa nasaba da abin da manyan malaman Musulunci suka rubuta. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u Ulumiddini, littafin da malaman ƙasar nan suka daɗe suna karantawa, cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta. Dalilinsa shi ne, hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dushe masa basira, har ya shiga neman dabarar guje wa karatun ɗungum. Ya kuma ce a saba masa da tafiya da motsa jiki a wani yanki na yini, don kada kasala ta rinjaye shi.

Bayan makarantar malam akwai wata makaranta wadda ba ta da malami, watau dandali. A langa yaro yake koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya da kiyaye doka. A carafke yarinya take koyon ƙirge, da haɗa ido da hannu. A gaɗa ake hardace baituka masu yawa ba tare da an ce a hardace ba, domin tafi da rausaya su ke ɗauke da kalmomin. A dara ake koyon hangen abin da abokin karawa zai yi. Hatta awon Bahaushe daga jikinsa ya ciro shi: taki, da kamu, da gaba, da ɗani.

Kada a ɗauka ina cewa wannan zamani ba shi da aibu. Dorina tana nan, kuma ita ma ta hanyar jiki take isar da nata saƙon. Akwai wahalar bara, akwai kuma yaran da aikin gona ya cinye musu karatun. Abin da nake cewa kawai shi ne, a cikin wancan tsari ba a taɓa ɗaukar cewa sai jiki ya mutu sa'an nan ƙwaƙwalwa za ta farka ba.

Asalin benci

Kafin mu ga yadda boko ya sauya wannan hali, dole mu leƙa inda bokon ya fito, domin abin da Turawa suka kawo mana shi ne abin da suka saba da shi a gida.

A shekarar 1798 wani saurayi mai suna Joseph Lancaster ya buɗe makarantar 'ya'yan talakawa a kudancin Landan. Yara suka yi masa yawa, ba shi kuma da kuɗin ɗaukar malamai. Sai ya jera dogayen bencina a cikin ɗaki guda, ya zaɓi manyan yara su koyar da ƙanana, su kuma tsare su. Ta haka malami ɗaya ya iya riƙe yara ɗaruruwa. Waɗannan manyan yara su ne kakannin monitan da ya rubuta sunana. A irin wannan ɗaki kuwa, yaro ɗaya in ya motsa ba da izini ba, sai tsarin duka ya rikice. Saboda haka zaman shiru ya zama doka ta farko. Doka ce ta tsare taro, ba ta koyarwa ba, amma da tafiya ta yi nisa sai aka manta da dalilinta, aka ɗauke ta ita ce karatun.

Ba duka masanan Turai suka yarda da haka ba. Tun a 1762 Rousseau ya yi ta jan hankali cewa gaɓoɓin yaro su ne malamansa na farko. A ƙasar Jamus, Froebel ya kafa makarantar ƙananan yara wadda a 1840 ya raɗa mata sunan da ke nufin lambun yara, inda ake koyo ta hanyar wasa da waƙa da shuka. John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago a 1896, inda yara ke koyon lissafi ta hanyar girki da sassaƙa da saƙa. A 1907 kuma Maria Montessori, wadda likita ce, ta buɗe makarantarta ta farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum, ta sa ƙananan kujeru da tebura waɗanda yaro zai iya ɗauka da kansa, ta kuma yi baƙaƙe masu kaushi waɗanda zai shafa da yatsa kafin ya riƙe alƙalami.

Amma hukumar Ingila wata hanya ta bi. Bayan dokar ilmi ta 1870, a shekarar da ta biyo baya aka yarda a riƙa lissafa rawar soja a cikin sa'o'in makaranta, kuma galibi tsofaffin sajan-sajan ke koyar da ita. Yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 ya tayar wa hukuma hankali, domin an mayar da samari da yawa da suka zo shiga soja saboda raunin jiki. Daga nan aka shiga fito da manhajojin motsa jiki, bisa tsarin da Ling ya kafa a ƙasar Suwidin tun 1813. Wadda ta fi shahara ita ce ta 1933.

A lura da abu biyu a nan. Na farko, an mayar da motsi wani darasi mai zaman kansa, mai lokacinsa da filinsa, a wajen aji. Na biyu, motsin kansa kashi biyu ne. 'Ya'yan talakawa su jeru sahu-sahu, a ba da umurni su bi, don su koyi ɗa'a. 'Ya'yan manya kuwa, a makarantun kwana irin su Eton, su yi wasannin ƙungiya, don su koyi shugabanci.

Isowar boko

Makarantar gwamnati ta farko a Arewa ita ce wadda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Ɗan Hausa ya san ƙasa, ya ji Hausa, ya kuma yi ƙoƙarin kada makarantarsa ta zama baƙuwa ƙwarai. Da Hausa ake koyarwa, ɗalibai suna sanye da irin tufafinsu na gida. Akwai sashen 'ya'yan sarakuna, da na malamai, da kuma sashen sana'a, inda ake koyon kafinta da ƙira da dukanci da ɗinki. Ke nan a farkon lamari hannu bai rabu da kai ba gaba ɗaya, ko da yake tun a nan an fara rarrabe wanda zai riƙe alƙalami da wanda zai riƙe guduma.

Rabuwar ta fito fili da aka kafa Kwalejin Katsina, wadda ta karɓi ɗalibai a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a watan Maris na 1922. An gina ta bisa ruhin makarantun kwana na 'ya'yan manyan Ingila, saboda haka wasanni suka sami babban matsayi a cikinta. A cikin shekarun nan na 1920 ne wani malami Bature mai suna Hogben ya shigo da wasan fayis Arewa, wasan da asalinsa na Eton ne. Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi karatu a Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya ƙware a fayis, bai kuma daina bugawa ba har bayan da ya zama Firimiya. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce ta zama Barewa, kuma ta tafi da wannan al'ada duk inda ta koma.

A makarantun elementare da midil kuwa, abin da ya fi yawa shi ne jeruwa da fareti, da ɗaga hannu a sauke bisa umurni. Manhajar Ingila ta 1933 ta yi shekaru ana aiki da ita a makarantun Nijeriya. Kowace shekara, ranar 24 ga Mayu, a yi bikin Ranar Daular Ingila, yara su yi maci, su yi guje-guje da tsalle-tsalle a gaban Razdan ko Di'o da sarki.

Dole a faɗi gaskiya, wannan zamani ya ba jikin yaro haƙƙinsa ta wata fuska. Akwai fili, akwai lokacin wasa a jadawali, akwai gonar makaranta, akwai darasin aikin hannu. Dattawanmu da suka yi midil har yanzu suna ba da labarin haka da alfahari. Amma an yi hasarar abu guda wanda ba a lura da shi ba. Motsi ya fita daga cikin karatu. Rangajin da ke taimakon almajiri ya zama rashin natsuwa a cikin aji. Ɗaga murya ya zama surutu. Ƙirge da yatsu ya zama alamar daƙiƙanci. Langa da gaɗa kuwa aka bar su a ƙofar makaranta tamkar takalma a ƙofar zaure.

Yadda filin ya suɓuce

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai fiye da miliyan 3 suka bayyana. Niyyar shirin kyakkyawa ce, kuma da yawanmu a wannan zaure albarkacinsa muka ci. Amma matsalar da ta sami Lancaster a Landan ita ce ta same mu, watau yara sun yi yawa, ƙwararrun malamai sun yi kaɗan. Maganin da ya yi shi muka yi. Malamin da aka tara wa yara cike da ɗaki, ba littafi, ba kayan aiki, ba abin da ya rage masa sai tsawa da bulala da monita.

Manufar ilmi ta ƙasa da aka fito da ita a 1977 ta ambaci motsa jiki a kowane mataki na karatu. A takarda ba a taɓa soke shi ba. A ƙasa ne ya zaizaye, ta hanyoyi uku. Na ɗaya, filin wasa shi ne wuri mafi sauƙin ci idan ana neman inda za a ƙara aji, ko a gina shaguna, ko a yanka fuloti. Na biyu, makarantun kuɗi da suka yawaita daga baya, da yawansu a gidajen haya aka buɗe su, inda ba ko tsakar gidan kirki. Na uku, jarrabawa ta zama ita ce ma'aunin kome, abin da ba a tambaya a jarrabawa kuwa shi ake fara yankewa. Yaron birni a yau yakan fita boko da sassafe, ya zarce darasin ƙari, ya wuce Islamiyya, ya dawo ga aikin gida. Dandalin da zai rama abin da ya rasa shi ma ya mutu a unguwanni da yawa. 'Ya'ya mata su suka fi cutuwa, domin ko inda fili ya saura, ƙwallon maza ke cinye shi.

Motsin da ya rage a makarantu da dama shi ne wanda na fara da shi: tsallen kwaɗo, da kamun kunne, da durƙuso a rana, da yankan ciyawa. Yaron da aka saba wa cewa gudu horo ne, noma kuma hukunci, da wane ido zai dubi gudu da noma idan ya girma?

Abin da bincike ya nuna

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, to, bari mu ga abin da masu gwaji suka gano. A 2008 Susan Goldin-Meadow da abokan aikinta a Jami'ar Shikago sun nuna cewa yaran da aka sa su riƙa nuni da hannu yayin da suke koyon wata ƙa'idar lissafi sun fi riƙe ta bayan makonni, a kan waɗanda suka maimaita ta da baki kawai. A 2012 Karin James ta Jami'ar Indiyana ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 'yan shekara biyar waɗanda ba su iya karatu ba. Ta tarar sassan da ke aikin karatu sun fi farkawa ga baƙin da yaro ya rubuta da hannunsa, a kan wanda ya danna a na'ura. Wannan shi ne abin da malamin allo yake yi tun ƙarnuka da suka wuce. A 2014 kuma Charles Hillman ya ba da sakamakon gwajin da aka yi da yara 221 a jihar Ilinoi ta Amurka. An raba su biyu, rabi suka yi wata tara suna wasannin motsa jiki bayan an tashi makaranta. Waɗannan sun fi sauran ci gaba wajen tattara hankali da iya juyawa daga wani aiki zuwa wani.

Kada mu zuzuta abin ya wuce iyaka. Gudu ba ya maye gurbin malami ko littafi ko abinci, yaro mai jin yunwa kuwa ba fili yake bukata da farko ba. Abin da ya tabbata shi ne, lokacin da aka ba motsi ba ya rage wa yara maki, yana kuma ƙara musu natsuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana. A ƙasar Finlan al'adar makarantu ita ce a ba da hutun minti 15 bayan darasin minti 45. A Sikotlan wata shugabar firamare ta fara fitar da yaranta su yi gudu ko tafiya ta minti 15 kullum a 2012, abin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, domin ba ya bukatar kuɗi ko kayan wasa.

Kammalawa

Ya ku ma'aikatan hukuma, ta teburinku ake wucewa kafin a amince da buɗe makaranta, da hannunku kuma ake yanka filaye. Filin makaranta aji ne wanda ba shi da rufi, a kiyaye shi kamar yadda ake kiyaye mai rufin. Kada a ba da izinin makarantar da ba ta da inda yaro zai yi gudu, ko ta nuna filin da za ta riƙa kai yaranta. Sufeto in ya je rangadi, ya tambayi lokacin wasa kamar yadda yake tambayar rajista, ya kuma hana a yi horo da motsa jiki ko da aikin gona.

Ku kuma ɗalibai, da yawanku aji za ku shiga. Abin da ake nema gare ku bai fi ƙarfinku ba. A auna tsawon aji da taki da kamu kafin a kawo ma'auni. A koyar da gaɓar kalma da tafi. A zana layin lambobi a ƙasa, yara su yi tarawa da ɗebewa da tsalle. A ƙyale mai ƙirge da yatsu ya ƙirga. Mu da muke sashen Hausa kuwa, nauyi ne a kanmu mu tattara wasannin dandali tun masu saninsu suna raye, mu miƙa su ga masu tsara manhaja.

Bencin da muka gāda dabara ce ta wani mutum wanda yara suka yi wa yawa a Landan fiye da shekara 200 da suka wuce. Ya yi abin da zai iya a zamaninsa. Mu kuwa muna da abin da ba shi da shi, watau gādon allo da dandali a bayanmu, da shaidar bincike a gabanmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa ya tuna ɗanyen icce rayayye ne, kuma kowane mai rai yana motsi.

 Allah ya ba mu ikon gyarawa.